Bayan Allura Ta Haura Jan Layi

Duk garejin da ka shiga daga Titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi zuwa lungunan Tarauni, in ka tarar an sauke kan inji, kada ka tsaya kallon akwatin sifanu ko yawan motocin da ke jiran layi. Nemi kwali. Bakaniken da ya san aikinsa yakan sa yaro ya yago gefen kwalin taliya ko na baƙin mai, a huhhuda shi layi biyu, a soke bawul-bawul ɗin injin ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gurbinsa. Na shan iska a layin sama, na fitar da hayaƙi a layin ƙasa. An rubuta lamba da biro, daga 1 zuwa 16 in injin mai silinda huɗu ne, zuwa 24 in mai shida ne, sannan an ja kibiya tana nuna gaban mota. Sai a jingina kwalin a inuwa, inda ƙafa ba za ta kai ba.

Wani kuwa juye su yake yi gaba ɗaya cikin yankakken galan, a zuba fetur, a wanke tare. Suna fitowa fes, amma an yi asarar abu biyu. Kowane bawul ya shekara da shekaru yana sauka a mazauni guda, sun ci juna har sun daidaita. Ka kai shi gurbin wani, sai an sake aiki daga farko. Asara ta biyu ta fi wannan girma, domin kwalin nan shaida ne. Wanda ya iya karanta shi zai gaya maka abin da ya sami motar ko da mai ita bai buɗe baki ba. In bawul ɗaya ne ya ƙone a gefe, tsohon ciwo ne, zafi da rashin seti. In kuwa aka duba layin ƙasa aka ga na hayaƙi sun karkace kusan duka, kowanne da ɗan tabo mai sheƙi a baki, alhali bel ko sarƙar tayimin na nan daram, to an tura injin nan ya wuce iyakarsa.

Mazauna wannan yanki sun san irin waɗannan motoci da kunne tun kafin su gan su da ido. In dare ya yi nisa, 'yan adaidaita sahu sun shige gida, titin Zariya ya yi sarari daga Dangi har Unguwa Uku, sai ka ji ƙara ta taso daga nesa, tana hawa, tana hawa, ta yanke, ta sake hawa. Ranakun biki ma haka, in 'yan wasan mota suka sami fili. Galibi tsofaffin BMW ne, E36 da E46, da ƙaramar Marsandi, da Civic ko Golf da aka canza wa salansa. Ba duka ne motocin tsere na asali ba, amma aikin motar tsere ake sa su. Gari na wayewa wasunsu na bakin gareji.

Hirar kusan iri ɗaya ce kullum.

"Oga, wallahi lafiya lau na ajiye ta. Yau da safe na tayar sai na ji tana ɗan rawa a silo. Ina jin fulogi ne."

"To, Alhaji ƙarami, za mu duba fulogin. Amma tsakaninka da Allah, wace giya kake ciki, wacce ka nufa, wacce kuma ta shiga?"

Ba don tozartawa ake tambayar ba. A kan amsarta aikin gaba ɗaya ya rataya.

Sai an san wahalar da bawul ke sha a ranar da komai ke lafiya kafin a gane abin da mummunar daƙiƙa ɗaya ke yi masa. Inji yana shan iska da mai, ya matse, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi, duk a juyi biyu na karanshaf. Kamshaf, wanda ke danna bawul ya buɗe, juyi ɗaya yake yi a wannan tsakanin. Ke nan in allurar agogon juyi ta nuna 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 3,000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa guda. Na hayaƙi kuma yana wannan zirga-zirga ne cikin zafin da kan kai digiri 700 ko fiye. Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kamshaf buɗewa kawai ya iya. Rufewa aikin sifirin ne. Shi ke jawo bawul ya koma mazauninsa, shi ke riƙe shi kada ya rabu da doron kamshaf. Abin da ya haɗa sifirin da ƙafar bawul kuwa wata 'yar hula ce ta ƙarfe mai rami a tsakiya, da wasu ƙananan makullai biyu da ke zama cikin ramin suna cije wuyan bawul. Ba noti, ba walda. Matsin sifirin kaɗai ke ƙulle su.

Nauyin da sifirin ke fama da shi ba ya tafiya daidai da gudu, gaba yake yi. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ake bukata don tsayar da bawul a mayar da shi ninkawa huɗu yake yi. Daga 6,000 zuwa 9,000 ya ninka biyu da kwata. Akwai matakin da sifirin ke gazawa, kamshaf ya juya ya wuce, bawul bai biyo shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin sabon mahayi a sukuwa ya san wannan: doki ya sauka, shi yana sama, kafin ya sauko sirdi ya taso ya tare shi. Abin da ke tasowa a nan fistin ne. A injinan zamani masu matsi sosai, inda bawul ke leƙowa in ya buɗe, nan fistin ke isa in ya kai ƙololuwa. Lokaci ne kawai ya raba su. Bawul ɗin hayaƙi ne ke kan rufewa daidai sa'ad da fistin ke hawowa a bayansa, shi ya sa yawanci shi ke fara shan duka.

Jan layin da ke kan agogo shi ne iyakar da masu ƙera injin suka yarda a kai shi, da ɗan rarar da suka bari. A BMW mai silinda shida na zamanin E36 da E46, wajen 6,500 yake. Ƙwaƙwalwar motar kuma na tsaron wurin: allura na isa sai ta yanke mai ko wuta. Wannan tat-tat-tat da samari ke marmarin ji, ƙarar yankewar ce. Ba ta ƙara wa inji lafiya, musamman in mota na tsaye wuri ɗaya ba iskar da ke ratsa lagireto, amma da wuya ta lanƙwasa bawul nan take.

Abin da ke lanƙwasa shi kuskuren hannu ne a mota manuwal. Mutum na cikin giya ta uku, allura ta kusa ja, ya jawo sanda zai shiga ta huɗu, mota na cikin kwana, jiki ya tafi gefe, hannu ya faɗa ta biyu. Yana sakin kuloci sai lissafi ya juye. Yanzu ba inji ke juya taya ba, tayoyi da nauyin mota gaba ɗaya ne ke juya inji. Ƙwaƙwalwa ta yanke mai, ta yanke wuta, duk a banza, allura ta riga ta tafi. Otomatik ta zamani ba ta yarda da haka. In ka nemi giyar da ta yi wa gudunka ƙanƙanta, ƙin shiga take yi. Direbobin manyan motoci kuwa sun san irin wannan tun da can, a gangara, in kaya ya turo mota tana ƙaramar giya.

Motar da ta fi fito da wannan ciwo fili ita ce Honda S2000, wadda ta shiga kasuwa a 1999. Ba mota ce da za ka riƙa cin karo da ita a danjar Gyaɗi-Gyaɗi ba, amma abin da aka koya a kanta ya shafi kowace motar da ake gudu da ita. Injinta F20C lita biyu ne, jan layinsa wajen 9,000, inda kowane bawul ke buɗewa sau 75 a daƙiƙa. In kana saman giya ta uku hannunka ya faɗa ta biyu, tayoyi za su kai injin fiye da 12,000. Sai da injuna da dama suka buga a Amurka da Turai kafin masu motar su gane wani abu mai ban tsoro: sau da yawa bayan irin wannan kuskure mota na ci gaba da tafiya garau. Ba misin, ba hayaƙi, ba fitilar gargaɗi. Amma hular sifirin ta layin shan iska ta tsage daga ƙasa, ta gefen da ido ba ya kaiwa. Makullai su yi ta nutsewa cikin tsagar a hankali, mako, wata, har ranar da hula ta saki. Bawul ya faɗa cikin silinda, fistin ya same shi, kan inji ya lalace, wani lokaci har da bangon silindar. Kuma abin yakan faru ne a gudun da bai taka kara ya karya ba, mutum na hanyarsa ta zuwa aiki. A samfurin 2004 Honda ta sa hula mai kauri, har yau kuma masu tsohon samfurin na sayen hular sabon da makullanta su sa a layin shan iska.

Wannan ne abin da ke damuna da hukuncin nan namu na "ai ta tashi". Mota in ta tashi, ta riƙe silo, an zaga da ita Hotoro an dawo, a wurinmu magana ta ƙare, a biya kuɗi kowa ya kama gabansa. Ga ciwo da yawa wannan gwaji ya isa. Ga injin da ya haura jan layi bai isa ba sam. Bawul ɗin da ya lanƙwashe sosai mai sauƙi ne, don shi da kansa yake kai ƙara. Na tsoro shi ne wanda ya ɗan karkace kaɗan, yana rufewa amma a tilas, yana cin bututun da ƙafarsa ke bi, wuyansa na gajiya. Ko hular da ta tsage tana jiran ranarta.

Akwai wata ɗabi'a ta gareji da zan so a daina, a irin wannan mota dai ko da ba a daina a sauran ba. Mota na shigowa, kafin a tambayi komai, sai yaro ya buɗe bonet ya ce, "Ba ta wuta!" Mai mota ya take totur har ƙasa, inji da sanyinsa, mai bai gama zagayawa ba. Na san dalilin, kunne ake so ya ji inda ƙarar take, kuma kunnen tsohon bakanike ba abin rainawa ba ne. Sai dai in hula ta riga ta tsage, wannan wutar ce za ta ƙarasa ta. Aikin da zai tsaya a kan ƙananan ƙarafa goma sha shida ya koma neman inji sukutum.

Wanda ya san abin da yake yi, da mota a kashe yake farawa. Ya jona kwamfuta ya ga ko wata silinda na misin, ko da direba bai ji ba. Wasu motocin na ajiye tarihin juyin da inji ya taɓa kaiwa. Porsche ta yi suna a nan: ƙwaƙwalwarta na ƙirga sau nawa inji ya haura iyaka da kuma matakin da ya kai, har masu sayen ta hannu a Turai kan nemi a fitar musu da wannan rahoto kafin su biya.

Daga nan a cire fulogi duka, a ɗaura agogon awon matsi a silinda ɗaya bayan ɗaya, totur a buɗe, a juya inji da kik. Ba lambar kanta aka fi nema ba, bambanci ake nema. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari, akwai magana. Gwajin da ya fi wannan kaifi shi ne na hura iska. A kai fistin sama daidai inda bawul-bawul ɗinsa duka ke rufe, a tura iskar kwamfuresa ta ramin fulogi, a yi shiru a saurara. In huci na fita ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. In ta hanyar shan iska ne, na shan iska ne. In ta bakin da ake zuba baƙin mai ne, ringi ne. In ruwan lagireto na kumfa, gaskit ne. Ban san wani gwaji da ya haɗa kunnen bakanikenmu da awo kamar wannan ba, kuma kwamfuresa ba baƙon abu ba ne a kowane layin gareji, ko a wurin mai faci ne za a samu. Akwai kuma 'yar kyamarar nan mai igiya da ake jonawa da waya, a zura ta ramin fulogi a duba kan fistin. In bawul ya taɓa shi, za a ga tabo mai siffar jinjirin wata a cikin baƙin gawayin da ya taru.

Duk waɗannan na iya fitowa lafiya, amma ba a gama ba, domin ba ɗayansu da ke ganin hula. Dole a ɗaga murfin sama. A Honda, inda ake seta tazarar bawul da sukuru da noti, sai a zura fila geji inji na sanyi. Bawul ɗin da ya karkace ba ya komawa har ƙarshe, don haka tazararsa takan fi ta 'yan uwansa faɗi. A BMW ɗin da muka ambata, matsin mai ne ke cike wannan tazara da kansa, abin da ke hutar da bakanike a kullum amma yake ɓoye masa shaida a yau. Hulunan ma suna ƙarƙashin wasu kofuna, sai an ɗaga kamshaf za a gan su. Sannan a ɗauko tocila a bi hulunan ɗaya bayan ɗaya, ana kwatanta yadda makullai suka zauna. Duk wadda makullanta suka fi na saura nutsewa, ta tsage. Ra'ayina a nan ba ya rawa: in an tabbatar inji ya yi mummunan haurawa, a canza hulunan da makullansu gaba ɗaya, ko sun nuna ko ba su nuna ba. Ba su da tsada in aka kwatanta da abin da suke riƙe da shi, kuma ana iya canza su ba tare da an sauke kai ba, in aka riƙe bawul da matsin iska ko aka cusa igiya mai laushi cikin silinda fistin ya tokare ta.

In kuwa awo ya nuna yoyo, kai ya sauko. A nan kanikawanmu na da gwajin da ba ya bukatar ko sisi: a kifa kan inji, bawul-bawul na rufe, a cika kowane gurbi da fetur ko kananzir, a jira. Inda ya tsattsafo ta ɗaya gefen, nan ne. A ciro bawul a mirgina ƙafarsa a kan gilashi a ga ko kansa na layi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai karkacewar da ta isa ta zubar da matsi ba ta kai ɗaya bisa goma na milimita ba, don haka wanda ake shakka a kansa a kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su auna da agogo. A jijjiga ƙafar bawul cikin bututunta a ji ko ta yi sako-sako, a duba bakin bututun ko ya tsage. A jera sifirin a kan abu mai shafe a ga ko wani ya gajarce ko ya karkata. Abin da ba zan taɓa amincewa da shi ba shi ne miƙe bawul da guduma. Zai miƙe, zai ma riƙe fetur, amma ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe a wuya ya riga ya raunana, wata rana kan zai ɓalle. Kada kuma a manta da ƙasa: juyin da ya wahalar da bawul ya wahalar da metal da kusoshin sandar fistin.

Kai na sauka sai magana ta biyu ta taso. "Oga, tunda an buɗe, a sa min na tsere mana." Ban ga laifin wannan buri ba, amma ya kamata a san abin da ake saye. Sifirin mai ƙarfi yana ɗaga matakin da bawul ke fara rabuwa da kamshaf, gaskiya ne. Amma ƙarfin nan ba ya hutawa: kana silo a go-sulo ɗin Dangi ma yana nan yana danne doron kamshaf, yana dukan mazauni, yana jan sarƙa. In an haɗa da kamshaf mai dogon doro, sai an auna an tabbatar zoben sifirin ba za su haɗu su toshe ba kafin bawul ya gama buɗewa, in ba haka ba wani abu zai karye a juyin farko. Akwai sifirin mai biyu, ƙarami cikin babba, suna gogar juna suna kashe rawar da ke tasowa a babban gudu. Akwai mai tsukakken kai da ke ɗaukar ƙaramar hula don a rage nauyi. Akwai hular titaniyam, wadda ta fi ta ƙarfe sauƙi da kusan kashi arba'in cikin ɗari, sai dai sifirin na cin ta a hankali. Masu tsere na buɗe inji a kai a kai su canza ta. Wanda zai rufe murfi ya manta shekara uku yana yawo cikin ƙurar Kano, hular ƙarfe mai kauri ta fi masa.

Masu kuɗin da ya fi na kowa a wannan fage ma sun yarda sifirin ƙarfe na da iyaka. Motar tseren Marsandi W196 ta 1954 ba sifirin ke rufe bawul ɗinta ba, kamshaf ne ke buɗewa kuma ya rufe. Injiniya Fabio Taglioni ya kawo wa baburan Ducati wannan tsari a 1956, suka shahara da shi. Renault kuma a 1986 ta maye gurbin sifirin da matsattsiyar iska a injinta na tseren Formula 1, abin da ya buɗe hanya har injunan gasar suka kai wajen 20,000 a 2006. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a ɗaura wa E36. Kuma sifirin da aka yi odarsa da dala zai ƙara maka rara ne kawai, ba zai mai da giya ta biyu ta zama ta huɗu ba.

Shi ya sa a ganina ingantawar da ta fi amfani ba a kan inji take ba, a ƙarƙashin mota take. Tsofaffin BMW sun yi suna da wannan: robobin da ke riƙe inji da akwatin giya in suka mutu, akwatin yakan murɗe gefe a cikin kwana ko in an take wuta, sandar giya ta bi shi. Hannun direba ya je inda ya saba, ƙofar giyar ta riga ta matsa. Ƙananan robobin sandar giya su ma in suka cinye, sanda ta yi lako-lako, ba ka iya bambanta layin ta biyu da na ta huɗu. Motar da ta haura shekara ashirin tana shan ramuka da zafinmu, da wuya a ce waɗannan robobi na da rai. Kuɗinsu bai kai na sifirin ɗin tsere ba, amma ba kasafai mai mota ke tambayarsu ba, saboda ba abin da za a buɗe bonet a nuna wa abokai ba ne.

Sai batun inda za a samo kaya. Kasuwar Ƙofar Ruwa ce madogara, in ba a samu ba a yi waya Ladipo a Legas, ko a jira mai zuwa Kwatano. Sau da yawa shawarar da ake yankewa ita ce a sayi kan inji na Beljiyam sukutum a ɗora, ya fi sauri, wani lokaci ya fi araha. Ba laifi, amma ba wanda ya san hannun da ya tuƙa shi a can, ko me ya sa aka rabu da motar. Duk gwajin da za a yi wa naka a yi masa kafin ya hau. Sababbin bawul na cikin kwali mai ƙyalli ma a yi hattara. Na hayaƙi ƙarfensa daban ne da na shan iska, jabu kuwa ba ya jure wannan wuta. A nemi lambar kayan ta asali, a saya a hannun wanda in abu ya ɓaci za a iya komawa wurinsa.

Garinmu ma na ƙara nasa nauyin. Ƙurar hunturu na shiga duk inda iska ke shiga, kuma matatar iskar nan buɗaɗɗiya da samari ke ɗaurawa don ƙara, in ba mai kyau ba ce, ƙasa take tura wa mazaunin bawul. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, mai ya tsinke. A wasan juya mota kuma mai kan taru gefe ɗaya na kasko famfo ya sha iska, kan inji kuwa shi ne mafi nisa da famfo. Tsarin sarrafa bawul na VTEC da Honda ta fito da shi a 1989 da matsin mai yake aiki ɗungurungum. Wanda ya kashe dubban ɗaruruwa a kan sifirin sannan ya zuba man da aka auno masa daga jarka marar suna, bai yi wa injinsa adalci ba.

Ba zan wuce ban faɗi wannan ba. Titin da ake wannan gudu a kansa shi ne ya bi ta gaban Asibitin Malam Aminu Kano. Akwai marasa lafiya da masu jinya da ke neman barci, akwai mai tsallaka titi da tsakar dare neman magani. Giyar da ta faɗa ba daidai ba ba inji kaɗai take ɓatawa ba. A mota mai jan baya tayoyin baya kan cije nan take, mota ta juya da mutum. Sha'awar inji abu ne mai kyau, daga cikinta ake samun injiniyoyi da ƙwararrun kanikawa. Wurinta killataccen fili ne, ba titin jama'a ba, ko da jami'an KAROTA ko babu.

Dattawan garejin nan da yawa a kan Fijo 504 suka koyi aiki, wadda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna. Bawul takwas ne, inji mai haƙuri. Abin da suka gada daga wancan zamani, wanda injin yau ya fi bukata, shi ne natsuwa wajen mayarwa. A yi girandin kowane bawul a mazauninsa har zoben toka-toka ya zagaye ba yankewa, a wanke man girandin tas kada ƙwaya ɗaya ta rage. A sa sababbin sil. Bayan an ɗaura kowace hula a ɗan bubbuga ta da gudumar roba a tabbatar makullai sun zauna. Kusoshin kai a ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai awo ba da ƙarfin damtse ba. In irin waɗanda ke miƙewa ne, sababbi ake sawa. A daidaita alamomin tayimin. Sannan, kafin kowa ya taɓa makullin mota, a ɗora sifana a karanshaf a juya inji da hannu cikakken juyi biyu. In wani abu ya tokare, a tsaya a koma baya a duba. Hannu zai ji ya dakata, kik ba zai dakata ba.

In ta tashi a bar ta a silo ta yi ɗumi, a duba mai ya hau sama, a sake awon matsi a rubuta lambobin a ba mai mota ya ajiye. In mai seti da sukuru ce, bayan ta ɗan yi tafiya sai an sake zura fila geji, domin sabon bawul kan ƙara zama a mazauninsa tazara ta ragu.

"Alhaji ƙarami, makon nan kada allura ta wuce 4,000. Ran Juma'a da yamma ka kawo ta ta kwana a nan. Sai ta huce sarai ake awon."